Yaya, ga bayanin hoton kyandir ɗin nan

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya Hajiya da jiki, ya zafin Kano?

Na ji saƙonka. Ka ce tun da ka ga hoton 'yarka riƙe da kyandir a gaban taro kake ta tunanin ko ƙofar jami'ar Harvard ce ta buɗe mata, har kana tambayar yadda za a sa Abba a irin wannan ƙungiya daga can gida. Bari in warware maka.

Sunan ƙungiyar National Honor Society, ana taƙaita shi NHS. Ƙungiyar shugabannin makarantun sakandare na Amurka ce ta kafa ta a 1921, reshenta na farko a garin Pittsburgh. Kowace makaranta da reshenta, shugaban makaranta ne ke naɗa malamai biyar su tantance ɗalibai. Abu huɗu suke dubawa: karatu, hidimar jama'a, jagoranci da halin kirki, kowanne da kyandirinsa a kan tebur ranar rantsarwa. Mafi ƙarancin makin shiga 3.0 ne cikin 4.0, sai dai makarantu da dama suna ɗaga nasu.

To a nan gizo ke saƙar. 'Yan ƙungiyar nan sun haura miliyan ɗaya, Harvard kuwa cikin masu nema 100 ba ta ɗaukar ko biyar, kuma yawancin masu neman makinsu ya yi wa 3.0 fintinkau. Kamar yaro ne ya je neman gurbin likitanci a Zariya yana tinƙaho da kiredit biyar a WAEC, alhali duk wanda ke layin yana da su a aljihu. Samun ta ba ya cutarwa, rashin ta ma ba ya hana shiga.

Mu nan Bronx a birnin New York, da mu 'yan Najeriya, da 'yan Nijar, da 'yan zangon Kumasi da Accra, ba ma wasa da ranar rantsarwar nan. A soya waina, a ci ado, hotuna su cika WhatsApp kafin magariba. Ban ga laifinmu ba. Uban da ya kwana yana tuƙin tasi, uwar da ta wuni tsaye a shagon kitso, idan aka kira sunan ɗansu a lasifika ai dole zuciya ta yi fari. Ni ma guɗa ce kawai ban rangaɗa ba, saboda idon Turawa.

Idona bai buɗe ba sai ranar da muka zauna da malamar da ke ba ɗalibai shawara, ta buɗe mana fom ɗin neman shiga jami'o'in Amurka da ake kira Common App. Gurbi 10 ne na ayyukan da yaro ya yi a wajen aji, kowanne bayaninsa kada ya wuce haruffa 150, sai gurbi biyar na lambobin yabo. NHS layi ɗaya za ta ci. Abin da ke da nauyi shi ne wuyar darussan da yaro ya ɗauka da makin da ya samu, da wasiƙun malamansa, da rubutun da zai yi a kan rayuwarsa, wanda bai wuce kalmomi 650 ba. 'Yarka ta sa NHS a sama, ta bar wajen sauran fayau. Malamar ta tambaye ta me take yi ranar Asabar. Ta sunkuyar da kai ta ce ba komai. Alhali shekara uku ke nan tana koya wa ƙananan yara lissafi a ƙasan masallacinmu bayan an tashi Islamiyya, kuma ita tsofaffin unguwa ke kira ta raka su asibiti ta yi musu tafinta. Matar nan ta ajiye biro ta ce wannan shi za a sa a farko. Har hidimar gida, irin rainon ƙanne, akwai wajen rubuta ta a fom ɗin. Mun tarbiyyantar da su a kan yabon kai jahilci, ga shi an zo inda in ba ka faɗa ba, ba wanda zai faɗa maka.

Akwai kuma wasiƙu masu tambarin zinare da ke zuwa gida daga wasu ƙungiyoyi masu suna kusan iri ɗaya, su ce an zaɓi ɗanka, a biya kuɗi. Maƙwabciyata ta biya, ta samu takardar rataye a bango. Ta gaskiyar ta hannun makaranta take zuwa, kuɗinta a shekara ba ya wuce dala 20.

Batun Abba, ka kwantar da hankali. Ana auna yaro ne da abin da makarantarsa ke da shi, ba za a tuhume shi da rashin ƙungiyar da babu ita a makarantarsu ba. Ya dage da karatunsa, ya kuma nemi ofishin EducationUSA a Abuja, suna ba da shawara kan karatu a Amurka. Kuɗin makaranta ne babban dutsen, wannan sai mun yi waya. Kafin nan ka ce ya rubuto mini abin da yake yi a shagon gyaran waya na kawunsa a Farm Centre, tun yaushe ya fara, da yara nawa ya koya wa.

A gaida Hajiya da su Anti.