Amsa: Cin abinci a izakaya a Tokyo

Malam, ka tambaya ko Musulmi zai samu abin ci a izakaya. Wurin hira ne bayan tashi daga aiki, giya ce kan gaba, abinci kuma a ƙananan faranti ake kawo shi a ci tare. Da ka zauna za a ajiye maka otoshi, ɗan abin taɓawa da ba ka nema ba amma sai ka biya, galibi yen (kuɗin Japan) 300 zuwa 500. Kada tsiren kaza na yakitori ya ruɗe ka, domin romon da ake shafa masa yana ɗauke da giyar shinkafa, yankan kuma ba lallai ya zama na Musulunci ba. Dafaffen waken suya na edamame da gasasshen kifi mai gishiri sun fi kwanciyar hankali. Hukuncin zama wurin kuwa, ka tambayi malami.