Tambaya da Amsa: Bincike Kan Matsalolin Cin Abinci

Tambaya: Malama, ina shekarar ƙarshe a karatun nazarin halayyar ɗan Adam, kuma ina sha'awar yin bincike kan lalurar da ke dagula wa mutum cin abinci. Ta ina zan fara? Daga wata ɗaliba a Jos.

Amsa: 'Yata, kin zaɓi fanni mai nauyi, domin cutar anoreksiya, wadda ke sa mutum ƙaurace wa abinci saboda tsoron ƙiba, tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa mafiya yin kisa. Ita kuwa bulimiya, wato cin abinci fiye da kima sannan a tilasta wa kai amai, likita Gerald Russell ne ya bayyana ta a Landan a shekarar 1979.

Hanyar ita ce digiri na biyu, sannan na uku, amma ki ba darasin ƙididdiga muhimmanci tun yanzu, kuma ki nemi horo a asibitin masu taɓin hankali domin ki zauna da marasa lafiya da iyayensu.

Abin da na fi so ki lura da shi shi ne, yawancin takardun tambayoyin da ake gano cutar da su, kamar EAT-26, an tsara su ne a ƙasashen Yamma, inda rama ce ado. A wajenmu kuwa akwai 'yan matan da ke shan maganin ƙara ƙiba daga kemis ba da izinin likita ba, musamman gab da biki. Fassara waɗannan takardu zuwa Hausa da gwada ingancinsu ya isa ya zama aikin digirinki na biyu.