Mutum ya faɗi, waya na hannunka

Tambaya: Likita, idan mutum ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar Sabon Gari, ba ya numfashi, me waya za ta amfana kafin a kai shi asibitin Shika? Daga mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Malam, ƙwaƙwalwa na fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, Shika kuwa da nisa. Kira 112, buɗe sifika, ajiye wayar a ƙasa don hannuwanka su samu sarari. Nuna mutum ɗaya ka ce ya nemo mota; in ka ce "a taimaka" kowa zai tsaya kallo.

Kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. Ɗora gindin tafinka a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kai, gwiwar hannu a miƙe. Danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, kana barin ƙirjin ya dawo. Tun yau sauke manhajar metronome, wato mai fitar da sautin bugu a kai a kai, ka saita ta a bugu 110 a minti, ita za ta riƙe maka ƙidaya. Ku riƙa canjin hannu duk minti 2, domin gajiya na rage zurfin dannawa.

Idan yana jan gargara jefi-jefi, wannan ba numfashin kirki ba ne, amma tana yaudarar mutane su dakata. Ci gaba da dannawa. Kada a ɗura masa ruwa.