Yaya za a gane ranar da kwamfuta ta kamo mutum a basira?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ɗana ya nuna mini ChatGPT yana rubuta wasiƙa da warware lissafi cikin ƙiftawar ido, ya ce wai na'ura ta riga ta kamo mutum. Haka ne? Da wane ma'auni ake ganewa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Barka kadai, Hajiya. Ki ce wa yaron ya ɗan dakata, don masanan kansu ba su daidaita kan ma'auni ɗaya ba.

Tun 1950 Alan Turing, masanin lissafi na Ingila, ya kawo gwaji: mutum ya yi hira a rubuce da wasu biyu da ba ya gani, ɗaya ɗan'adam, ɗaya na'ura. In ya kasa bambance su, na'ura ta ci. Sai dai ruɗar mutum ba wuya. A 1966 manhajar ELIZA, wadda yawanci juya maganar mutum take yi ta mayar masa da ita tambaya, ta sa wasu suka ɗauka tana fahimtarsu.

Wasanni ma ba su raba gardama ba. Kwamfutar Deep Blue ta doke zakaran duniya Garry Kasparov a darar Turawa (chess) a 1997, manhajar AlphaGo ta ci gwani Lee Sedol na Koriya ta Kudu 4 da 1 a wata dara mai suna Go a 2016, amma kowacce wasanta kaɗai ta iya.

Cin jarrabawa kuwa, wanda kamfanoni suka fi tallatawa, shi na fi shakka. An horar da waɗannan manhajoji da ɗimbin rubutun intanet, har da tsofaffin tambayoyi da amsoshinsu. Ɗalibin da ya ga takarda tun daren jiya, makinsa ba ya nuna kaifin ƙwaƙwalwarsa. Shi ya sa a 2019 François Chollet, injiniya ɗan Faransa, ya fito da gwajin ARC: 'yan murabba'ai masu launi, a nuna misalai kaɗan, a ce ki gano ƙa'idar ki cike na gaba. Mutane na warware yawancinsu ba wahala, na'urori kuwa sun yi shekaru suna tuntuɓe. Da wata manhajar OpenAI, kamfanin da ya ƙirƙiri ChatGPT, ta samu maki mai yawa a ƙarshen 2024, da tsadar gaske, sai aka fito da sabon zubi mafi tsauri a 2025. A ganina wannan gwaji na ARC ya fi kusa da gaskiya, domin saurin koyon abin da ba a taɓa gani ba yake aunawa.

Shi kuwa kamfanin OpenAI, ma'auninsa na kasuwa ne: na'urar da za ta fi mutane a yawancin ayyukan da ake samun kuɗi da su.

In kina son gwadawa a wayarki, ƙirƙiro wani wasa mai dokoki uku, ki koya wa ChatGPT da yaron lokaci guda. Bayan zagaye biyu ki sauya doka ɗaya ba tare da kin faɗa ba, ki ga wanda zai fara lura.