Zan sayar da gidana, amma akwai bashin banki da tsaga a bango

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu wanda zai sayi gidana, har mun daidaita farashi da baki. Sai dai na jinginar da gidan ga banki kuma ban gama biya ba, sannan bangon baya yana da tsagar da ruwa ke bi, wadda na sa aka rufe da fenti. Shin dole ne in sanar da mai sayen? Me doka ke buƙata daga gare ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Batun bashin ya fi sauƙi. Muddin gidan yana jingine, banki yana da haƙƙi a kansa, don haka ba za ka iya miƙa wa kowa cikakkiyar mallaka ba sai an warware jinginar. Ka nemi bankin ya rubuta maka adadin da ya rage, a biya shi daga kuɗin cinikin, sannan ka karɓi takardar da ke shaida cewa an saki gidan. Idan akwai sunan wani tare da naka a takardun mallaka, sai shi ma ya sa hannu.

Tsagar bangon ce ta fi damuna. Dokokin ƙasashe sun bambanta a kan abin da ya wajaba mai sayarwa ya bayyana. A tsarin da aka gada daga Ingila, asali mai saye ne ke da alhakin bincika abin da zai saya. A Faransa kuwa doka ta ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibi, yayin da jihohi da yawa a Amurka suke tilasta masa ya cike takardar bayyana lahanin gida. Amma duk da wannan bambanci, rufe lahani da gangan domin kada a gani abu ne da kotuna ke ɗauka a matsayin yaudara, kuma fentin da ka shafa zai iya zama hujja a kanka. Idan mai sayen ya gano daga baya, yana iya neman a soke cinikin ko a biya shi diyya, abin da sau da yawa yakan fi kuɗin gyaran. Shawarata ita ce ka gyara bangon gyara na gaskiya, ko ka bayyana tsagar a rubuce ka rage farashi gwargwadonta.

Yarjejeniyar baki kuwa kada ka dogara da ita, domin tun shekarar 1677 dokar Ingila ta shar'anta rubutu a cinikin ƙasa, kuma ƙasashe da yawa a kan haka suke. Takardar ta ƙunshi sunayenku, iyakokin gidan, farashi, ranar biya da ranar miƙa makullai, kayan da za a bari a ciki, da makomar kafin alƙalami idan ɗayanku ya janye. Lauyanka ne ya kamata ya tsara ta, ba dillali ba, tun da ladan dillali ya rataya ne ga kammaluwar ciniki. Ka kuma tambayi lauyan ko akwai harajin riba a kanka, kada kuma ka saki makullai ko takardun asali kafin kuɗin su shiga asusunka gaba ɗaya.