Kowa ya san shi ya aikata, me ya sa alƙali ya sake shi?

Tambaya: Salam Malam. Don Allah ka fahimtar da ni, sai ka ga an kama mutum kowa ya san shi ya yi laifin amma alƙali ya sallame shi, kuma ko an gama jin shaidu sai a ce an ɗage sai wata rana za a yanke hukunci. Wai me alƙalin yake jira ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. To ai "kowa ya sani" ɗin nan ba ya shiga kotu, abin da aka kawo gaban alƙali aka rubuta a fayil shi kaɗai yake aiki da shi, ko da shi kansa a ransa yana jin mutumin nan ba shi da gaskiya. A shari'ar laifi nauyin kawo hujja yana kan mai gabatar da ƙara, kuma sai hujjar ta kai inda babu wani kokwanto mai ma'ana. Shaida ya ce ya ga wanda ake zargi da idonsa, lauya ya tashi ya tambaye shi ƙarfe nawa, ya ce bayan isha'i, akwai fitila a wurin? Ya fara kame-kame, to wallahi shi ke nan shaidar ta yi rauni. A rikicin bashi ko fili kuwa abin bai kai haka tsauri ba, wanda hujjarsa ta fi nauyi shi ke nasara.

Ɗagewar kuma ba wasa yake yi ba, zama zai yi ya bi maganar kowane shaida, ya duba doka, ya duba yadda kotunan sama suka yanke a irin wannan shari'a don dole ya bi sahunsu, sannan ya rubuta dalilansa ɗaya bayan ɗaya, saboda in an ɗaukaka ƙara wannan rubutun za a tsefe. A Najeriya tsarin mulkin 1999 ya ba kotu kwana 90 ta yanke hukunci bayan lauyoyi sun rufe bayani.

A kotunan sama kuma ba mutum ɗaya ba ne, ana zama uku ko biyar ko bakwai, kotun ƙolin Amurka tara, masu rinjaye ke nasara, wanda bai yarda ba ya rubuta nasa daban. Kar ka raina wannan, a 1896 alƙali Harlan na kotun ƙolin Amurka shi kaɗai ya ƙi yarda da dokar raba baƙaƙe da farare a jirgin ƙasa, sai a 1954 kotun ta haramta irin wannan wariyar a makarantun gwamnati.