Tambaya da Amsa: Komawa Arewacin Riyad da Yara 'Yan Makaranta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Maigidana injiniya ne a wani kamfani mai zaman kansa a Riyad, kuma bara ya ɗauko mu daga Kano, ni da yaranmu uku. Muna zaune a wani ƙaramin gida a kudancin birni, yaran kuma suna wata makaranta mai sauƙin kuɗi kusa da mu. Yanzu an ƙara masa matsayi da kuɗin haya, shi ne yake so mu koma arewacin birni, unguwar Malƙa ko Hittin, ko kuma cikin rukunin gidajen nan masu katanga da baƙi ke zama, waɗanda ake kira kamfawun. Babban yaron shekararsa 12, mai bi masa 9, autar kuma 4. Ina son ci gaban, amma ina tsoron kada mu ɗauko abin da ya fi ƙarfinmu. Wace shawara za ki ba mu? Daga Maman Sadik, Riyad.

AMSA: Wa alaikumus salam, Maman Sadik. Allah ya sanya albarka a wannan ƙarin matsayi, ya kuma raya zuri'a. Shawarata ta farko, wadda duk sauran suka rataya a kanta, ita ce kada ku sa hannu a takardar hayar kowane gida sai kun sami makarantar da ta ba yaran gurbi a rubuce. Riyad gari ne mai faɗi wanda aka gina domin mota, makarantu suna buɗewa da sassafe, kuma a daidai wannan lokacin ne Titin Sarki Fahad da babban titin zobe na arewa suke cushewa da ma'aikata. Iyalin da suka fara kama gida don sunan unguwa, sannan suka sami makaranta a wani ɓangaren gari, su ne za ki ga suna tashin yara tun kafin asuba, 'yar shekara huɗu tana gyangyaɗi a kujerar baya da burodi a hannu, daga Lahadi har Alhamis. Jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a watan Disambar 2024, mai layuka shida da tsawon kilomita 176, zai iya sauƙaƙa wa maigida zuwa aiki idan ofishinsa yana unguwar Ulayya ko cibiyar hada-hadar kuɗi ta Sarki Abdullahi, amma ba zai kai ƙaramin yaro ƙofar aji ba, kuma a farkon shekarar karatu, wato ƙarshen Agusta, ba a tafiyar ƙafa mai nisa a garin nan da rana. Idan kun ga gidan da ya kwanta muku, maigida ya tuƙa mota daga ƙofarsa zuwa makarantar da safiyar Lahadi, a lokacin da za a riƙa kai yaran. Tafiyar da aka gwada ranar Juma'a da hantsi, lokacin da tituna suke fayau, ba ta nuna komai.

Makarantun gwamnati da Larabci ake karatu a cikinsu, maza daban mata daban, kuma guraben baƙi ba su da yawa. Yaro ɗan shekara 12 da bai taso da Larabci ba zai sha wuya ƙwarai, don haka ban ga alamar nan za ku nufa ba. A can sama akwai manyan makarantun ƙasa da ƙasa, irin ta Amurka da aka kafa a 1963 da ta Birtaniya da aka kafa a 1979. Karatunsu yana da kyau, amma akan yi layin jiran gurbi, kuma kuɗin yaro ɗaya a manyan azuzuwa yana iya zarce hayar matsakaicin gida ta shekara guda. Yawancin waɗanda ke kai yara uku can, kamfaninsu ne yake biya. Tsakanin waɗannan biyun akwai makarantun kuɗi masu yawa a arewacin birni da ke bin manhajar Ingila ko ta Amurka, suna kuma koyar da Larabci da darasin addini, kuma a nan ne mafi yawan ma'aikata irinku suke samun daidai da su. Ingancinsu ya bambanta sosai, saboda haka kada kyan gini ya ruɗe ku. Ku tambayi sakamakon ɗalibansu a jarrabawar waje, ku tambayi yawan yara a aji, ku kuma nemi jin ko malamai suna daɗewa, domin makarantar da take canza malamin lissafi kowane zango ba ta da amfani ko da filin wasanta ya kai girman filin Idi.

Game da tsoron da kika ambata, ku zauna da maigida da takardar kwantiraginsa a gabanku, ku duba ko kamfanin ya ɗauki nauyin karatu, na yara nawa, kuma har zuwa wane adadi. Kuɗin da makaranta take rubutawa a talla ba shi ne duka ba: akwai na rajista, da na bas, da na kayan makaranta da littattafai, da na jarrabawa idan lokacinta ya zo, sannan harajin kashi 15 cikin ɗari da ake karɓa tun Yulin 2020, wanda gwamnati take ɗauke wa 'yan ƙasa a kuɗin makaranta amma baƙo yake biya. Sai kuɗin iyali da ake biya tare da sabunta igama, wato takardar izinin zama, wanda aka fara a Yulin 2017 da riyal 100, ya kai riyal 400 a wata kan kowane mutum tun 2020. Ke da yara uku riyal 1,600 ke nan a wata, wato 19,200 a shekara, kuma kamfanoni da yawa ba sa biyan wannan. Idan aka cire waɗannan daga albashi, abin da ya rage shi ne zai faɗa muku unguwar da za ku iya.

Haya a nan, kamar yadda kika sani, akan biya ta shekara ko kashi biyu, dillali yana karɓar kashi biyu da rabi cikin ɗari, kuma dole a yi rajistar yarjejeniyar a manhajar gwamnati ta Ejar. Duk mai gidan da ya ce a yi ta baki ko a takardar hannu, ku bar masa gidansa. A watan Satumbar 2025 gwamnati ta dakatar da ƙarin kuɗin haya a Riyad na tsawon shekara biyar, abin da zai kare ku daga ƙari bayan kun shiga, amma bai sauko da farashin da ya riga ya hau ba. Gidaje da yawa ana ba da su babu na'urar sanyaya ɗaki, babu kabad ɗin kicin, kuma sayen waɗannan a gida mai ɗakuna huɗu ba ƙaramin kuɗi ba ne. Wutar lantarki halala 18 ce (halala 100 ne riyal ɗaya) kan kowane yunit, wato kilowat na awa ɗaya, har zuwa yunit 6,000 a wata, abin da ya haura kuma halala 30, don haka babban gida mai hawa biyu yana da nasa hukuncin a watannin zafi. Ku je duba gida da la'asar, ku buɗe famfon banɗaki ku ga ƙarfin ruwa, ku tsaya da harisin ginin, wato maigadi, ku tambaye shi su waye maƙwabta, ko na iyalai ne zalla.

Kamfawun yana da daɗinsa: yara suna hawa keke ba fargaba, akwai wurin ninƙaya, wasu suna da bas ɗin makaranta, kuma ana saurin yin abokai. Sai dai tsadarsa ta fi ta gidan waje nesa ba kusa ba, kuma rayuwar cikinsa, ta fuskar sutura da cuɗanya, sau da yawa ta Turawa ce, don haka ku shiga ku gani da idonku ko ta dace da tarbiyyar da kuke so. Ni a ganina, idan ba kamfani ne zai biya kai tsaye ba, gida a ginin iyalai a Yasmin, ko Narjis, ko Sahafa, kusa da makarantar da kuka samu, ya fi muku Hittin, inda wani ɓangare na kuɗin sunan unguwa kawai ake saye.

Akwai abin da ba a cika gaya wa mata ba, shi ne kaɗaici. Unguwannin arewa shiru suke, katangu dogaye ne, mutum yana fita daga gida ya faɗa mota, kuma kina iya yin watanni ba ki san fuskar matar da ke ƙofa ɗaya da ke ba. Irin shiga gidan maƙwabta da aka saba a Kano, ko ma a unguwannin kudu inda 'yan'uwanmu suka fi yawa, babu shi a can. Ki nemi lasin tuƙi, tunda an ba mata dama tun Yunin 2018, domin matar da ba ta tuƙi a Malƙa zaman jiran maigida za ta yi. Ki sa yaran a halƙar haddar Alƙur'ani ta masallacin unguwa bayan la'asar, a nan za su kama Larabcin da makaranta ba za ta ba su ba, ke ma ki san iyayen abokansu. Lokacin sanyi kuma ku riƙa fita wurin shaƙatawa na Wadi Hanifa ko lambunan Unguwar Jakadu, inda ofishin jakadancin Najeriya yake. Idan aikin gida ya yi miki yawa, a ɗauki mai aiki ta manhajar gwamnati ta Musaned. Za a kawo miki tayin 'yar'uwa marar takarda a kuɗi kaɗan, kuma tausayi zai ja ki, amma hukuncinsa tara ce da yiwuwar tarhil, wato kora daga ƙasar, kuma igamarku duka a kan ta maigida take.

Wannan ya kawo ni kan babban yaronku. Zaman baƙo a nan yana tare da aikinsa, ranar da kwantiragi ya ƙare zama ya ƙare, don haka ku zaɓar masa manhajar da za ta karɓu a gida. Ta Ingila ta fi kusa da tsarinmu: zai rubuta jarrabawar sakandare ta IGCSE yana kimanin shekara 16, jami'o'in Najeriya suna karɓarta idan ya ci darussa biyar har da Turanci da lissafi, kuma hukumar JAMB takan shirya jarrabawarta a Jidda. Kada ku riƙa sauya masa manhaja daga yanzu. Ku karɓi sakamakon kowace shekara da hatimin makaranta ku adana, haka ma takardar barin makarantar da suke yanzu, domin sabuwar za ta nema kafin ta yi musu rajista. A gida kuma ku tsare yi musu Hausa, musamman autar, wadda za ta taso tsakanin Turancin aji da Larabcin masallaci, kuma kakanninta a Kano za su so su yi hira da ita a waya ba tare da tafinta ba.